Na huɗu a duniya: abin da tseren Tokyo ya tuna mini game da yaran zango

Ranar Lahadi 21 ga Satumban 2025, wajen ƙarfe goma sha biyu da 'yan mintuna na rana, mun kusa kai mu ashirin a cunkushe a shagon wani tela a unguwarmu a nan Kumasi, kowa ya zuba wa talabijin ido. A Tokyo dare ne, ana ta sheƙa ruwan sama a daren rufe gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya. Yawancin waɗanda ke shagon 'yan ƙwallo ne, ba su taɓa zama don kallon tsere ba. Ni na ja su. Wani dattijo da ya kawo gyaran jallabiya ya tambaye ni, "Malam, wai minti nawa za a yi ne? Kar mu rasa azahar." Na ce masa, "Baba, ko minti ɗaya ba za a kai ba." Ya ce to in haka ne bari ya tsaya.

Tseren ba-ni-in-ba-ka ne na maza, mutum huɗu kowa mita 100. Ibrahim Fuseini ya fara, ya miƙa wa Benjamin Azamati sanda, shi kuma ya ba Joseph Paul Amoah, Abdul-Rasheed Saminu ya ƙarasa. Amurka ta zo ta ɗaya da daƙiƙa 37.29, Kanada ta biyo da 37.55, Holan ta ɗauki tagulla da 37.81. Ghana ta zo ta huɗu da 37.93.

Shagon ya yi tsit na ɗan lokaci, sai telan ya ja tsaki ya koma kan kekensa. Wani yaro ya ce, "Ai na huɗu da na ƙarshe duk ɗaya ne, ba a ba su komai." Ban yi masa musu a lokacin ba, don ni ma zuciyata ta yi nauyi. Abin da ya ƙara min ciwo shi ne na san cewa kwana ɗaya kafin nan, a zagayen share fage, waɗannan huɗun sun yi 37.79, lokacin da ba wata tawagar Ghana da ta taɓa yin sa, kuma ba ƙasar da ta fi su sauri a ranar. Da wannan lokacin suka maimaita a zagayen ƙarshe, da tagullar tana hannunmu. Rabon Ghana da samun lamba a wannan gasa tun 2005 a Helsinki, lokacin da Ignisious Gaisah ya ci azurfa a dogon tsalle, Margaret Simpson kuma ta ci tagulla a gasar nan mai wasanni bakwai. Shekara ashirin ke nan cif.

Amma da na dawo gida na nutsu, sai na ga akwai abin da yaron nan bai sani ba, kuma ba laifinsa ba ne tunda ba wanda ya taɓa gaya masa. Wanda ya bi wannan tawaga shekaru huɗu da suka wuce ya san cewa isar sandar nan hannun mutum na huɗu lafiya, sau biyu a kwana biyu, ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

A gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, Ghana ta kai zagayen ƙarshe na wannan tsere, aka soke sakamakonta saboda an miƙa sanda a wajen iyaka. A Paris a 2024 abin ya sake faruwa, wannan karon tun a zagayen farko. Sau biyu a jere a gasa mafi girma, ba don yaran ba su da gudu ba. A tsakani, a gasar duniya ta 2022 a Amurka, sun zo na biyar da 38.07. A wasannin Afirka da muka karɓi baƙunci a Maris na 2024 kuwa, Najeriya ta ƙwace mana zinare a gaban jama'armu a Legon, su 38.41 mu 38.43. Wani ɗan'uwan mahaifiyata da ke Kano sai da ya kira ni musamman don ya yi min dariya a daren.

Bari in ɗan yi bayanin wannan iyaka, don na lura mutane da yawa ba su gane dalilin da za a ce an kori wanda kowa ya ga ya gama tsere ba. Sandar ba ta wuce santimita 30 a tsawo ba. A kowane wurin miƙawa akwai fili mai tsawon mita 30 da aka shata da layi, kuma dole sandar ta bar hannun mai kawowa ta shiga hannun mai karɓa a cikin wannan fili. Sandar ake dubawa, ba ƙafar ɗan tseren ba. Mai karɓa ba ya tsayawa jira, kuma ba ya waiwaye. Yakan manna ɗan salatif a ƙasa a bayansa, da zarar abokinsa ya taka wurin sai ya zabura da iya ƙarfinsa, ya miƙa hannu baya idan ya ji an kira shi. In ya tashi da wuri, abokin da ya riga ya gaji ba zai cim masa ba sai sun fita daga iyaka. In ya makara, za su yi karo, ko dole mai kawowa ya rage gudu. Bambancin tsakanin biyun bai kai ƙiftawar ido ba. A Tokyon nan ma Jamaika, wadda 'ya'yanta biyu Oblique Seville da Kishane Thompson suka ci zinare da azurfa a tseren mita 100, ba ta kai zagayen ƙarshe ba saboda miƙa sanda ya kwaɓe mata. Haka ita ma Birtaniya.

Ni dai na san ɗacin abin da kaina. Lissafi nake koyarwa a wata JHS, amma da yake ni ne mafi ƙarancin shekaru a cikin malamai maza lokacin da aka turo ni daga kwalejin horon malamai, sai aka ɗora min kula da wasanni, har yau kuma ba wanda ya karɓe ni. A shekarata ta biyu na kai yara gasar makarantun yankinmu. Na zaɓi huɗu mafi gudu a makarantar, wallahi ba yaron da ya kama ƙafarsu a tseren ɗaiɗai. Ban taɓa sa su gwada miƙa sanda ko sau ɗaya ba, don a ganina wannan ai abu ne da kowa ya iya. Suna gaba da nisa, na biyu ya zo miƙa wa na uku, na ukun ya tsaya cak ya juyo yana kallonsa, suka yi karo, sanda ta faɗi ta gangara layin wata makaranta. Yaron ya zauna a ƙasa yana kuka. Iyaye suka yi ta zaginsa, alhali laifin nawa ne. Tun daga ranar nake ajiye wasu guntayen bututun roba na ruwa da na yanka daidai tsawon sanda a cikin durowata.

Da aka koma makaranta bayan hutun tunawa da Kwame Nkrumah, wanda ya faɗo a wannan makon, sai na shigar da tseren cikin darasi. Na rubuta 37.79 a allo na ce a raba shi gida huɗu. Suka samu 9.45 in an cike. Na rubuta 9.58 a gefe, na ce wannan shi ne lokacin Usain Bolt na 2009, wanda har yau ba ɗan Adam da ya karya. Aji ya kaure. "Malam, ke nan kowanne a cikinsu ya fi Bolt?" Na bar su suna gardama kusan minti goma, har wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Ai mutum ɗaya ne kawai ya tashi daga tsaye. Sauran ukun suna cikin gudu aka ba su." Amsar ke nan. Daga nan muka lissafa tazarar da ke tsakaninmu da Holan, daƙiƙa 0.12. A irin wannan gudu na sama da mita goma a daƙiƙa ɗaya, ya kama mita ɗaya da 'yan kai, wato kamar tsawon teburin da biyu daga cikinsu ke zaune a kai. Na ga suna ta kallon teburan nasu.

Zan dawo kan yarinyar nan, don ita ce ta sa na zauna rubuta wannan.

Akwai tambayar da ya kamata mu yi game da huɗun nan: a ina aka gyara su? Azamati ya yi Presec da Jami'ar Ghana a Legon, daga nan ya tafi wata jami'a a Texas. Amoah ɗan Prempeh College ne a nan Kumasi, ya yi KNUST, sannan ya wuce Coppin State a Amurka. Fuseini ma a Texas ya yi karatu. Saminu, wanda asalinsa daga arewacin ƙasar nan ne, daga Jami'ar South Florida ya fito, kuma a 2025 ya karya tarihin ƙasa na mita 100 har sau biyu, 9.86 sannan 9.84 a watan Yuli, bayan 9.90 ɗin Azamati. Rose Yeboah, mai tsallen sama da ta ci mana zinare a wasannin Afirka na 2019 da na 2024, ita ma can ta tafi. Hanyar ɗaya ce: gasar makarantu, sai sakandare mai kula da wasanni, sai jami'a, sai wata jami'ar Amurka ta ɗauke ka ta biya maka karatu. Duk matakin da ka duba a ciki makaranta ce. Ba kamar ƙwallo ba, inda yaro zai iya tashi daga filin unguwa wani ya gan shi ya ɗauke shi. Wanda ya bar karatu a JHS 3, komai gudunsa, ya fita daga layin.

Wannan kuma yana da nasa cikas. Mutum huɗu da ke wurare daban-daban a Amurka, kowa da kocinsa, ba sa haɗuwa sai gasa ta matso, ta yaya hannuwansu za su saba da juna? A ganina wannan na daga cikin abin da ya ci mu a 2021 da 2024. Abin da ya taimaka a 2025 shi ne huɗun da suka sha kunya a Paris su ne dai suka dawo Tokyo, ba a yi ta canje-canje ba.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya game da inda muke. Lambobin Olamfik biyar Ghana ta mallaka tun da ta fara zuwa: azurfar Clement Quartey a dambe a 1960, tagullar Eddie Blay a 1964, ta Prince Amartey a 1972, ta 'yan ƙwallo a Barcelona a 1992, sai ta Samuel Takyi a Tokyo. Huɗu daga dambe suke, ko ɗaya babu daga guje-guje. A wasannin Afirka na 2024 mun yi murna da zinare 19 da matsayi na shida, amma lambobi 41 daga cikin abin da muka tara daga kokawar hannu suka zo, wasan da ba ya cikin Olamfik. Ban raina 'yan kokawar hannu ba, sun fitar da mu kunya a gida. Sai dai bayan wata huɗu da muka tashi zuwa Paris, mutum takwas kacal muka iya turawa, shida 'yan guje-guje da tsalle, biyu 'yan ninƙaya, babu ɗan dambe ko ɗaya, muka dawo hannu rabbana.

A daren da muka zo na huɗu, Botswana ta doke Amurka a tseren ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu, a cikin wannan ruwan saman dai. Ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, mu kuwa mun haura miliyan talatin. Ɗansu Collen Kebinatshipi ya riga ya ci zinaren mita 400, ga Letsile Tebogo da ya ci mita 200 a Paris da 19.46. Kenya ta tashi da zinare bakwai, Tanzaniya ta samu zinarenta na farko ta hannun Alphonce Simbu a gudun fanfalaki, Tobi Amusan ta kai wa Najeriya azurfa a gudun tsallake shinge. Tebogon nan ma da ƙwallo ya fara kafin a karkato da shi.

A zangonninmu kuwa, yaron da Allah ya ba gudu lamba bakwai ko sha ɗaya ake ba shi a fili, shi ke nan. Kowa yana so ya zama Mohammed Kudus na Nima, kuma ba laifi. Amma cikin yara ɗari masu mafarkin ƙwallo, akwai biyu ko uku da ƙafarsu ba ta iya sarrafa ƙwallo sosai, gudu ne kawai jarinsu, su ne muke asara. Mu malamai ma muna da hannu. Yaron da ya makara, me muke ce masa? Zagaya fili sau biyar. Mun mayar da gudu horo, sannan muna mamakin yadda ba sa son sa. Filin wasa na Baba Yara yana da layukan tsere, ga shi kusa da mu, amma yawancin ɗalibaina ba su taɓa taka shi ba sai dai sun shiga kallon Kotoko. In ba lokacin Inta-ko ba, da 'yan sakandare ke cika wurin da kiɗa da ihu, ba ka jin ana zancen tsere a unguwa.

Yarinyar da ta ba da amsa a aji tana JHS 3 yanzu, shekararta goma sha huɗu. Tun tana JHS 1 ba macen da ta taɓa wuce ta a mita 100 a yankinmu, kuma ba takalmi take gudu ba. A tseren gwaji na kan haɗa ta da maza, biyu ne kawai ke tsere mata. Kuma tana cikin biyar na farko a lissafi. A farkon zangon karatun nan ta same ni a ofis, ta tsaya tana wasa da bakin hijabinta, ta ce babanta ya ce bana ba za ta yi gudu ba.

Na je gidan bayan sallar isha'i. Mahaifinta direban babbar mota ne, mutum mai fara'a, ya shimfiɗa min darduma a ƙofar ɗaki. Bayan gaisuwa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, na gode da kulawarka. Amma ka ga yarinya ta fara girma. Ni ba zan iya ganin 'yata da gajeren wando a gaban maza tana guje-guje ba." Na ce, "Alhaji, wannan gaskiyarka ce, ni ma ba zan so wa ƙanwata haka ba." Na ciro waya na nuna masa hoton Sifan Hassan, haifaffiyar Habasha da ke yi wa Holan gudu, sanye da hijabi tana karɓar zinaren gudun fanfalaki a bikin rufe gasar Paris, a ƙasar da ta hana nata 'yan wasan sa hijabi. Ban ɓoye masa cewa ita ba da hijabin ta yi gudun ba.  Na ce masa dokar tsere ba ta hana dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗan hijabi ba.

Ya daɗe yana kallon wayar. Ashe ba nan ne ainihin damuwar take ba. Mahaifiyar ce ta yi magana daga cikin ɗaki, ta ce, "Malam, in ta tsaya gudu bayan an tashi, wa zai taya ni? Ni kaɗai ce a kan tukunya." Koko da ƙosai take sayarwa, yarinyar ce ke kai mata niƙa da yamma. Shi kuma ya ɗora da tambayar da ta fi kowace nauyi: "To in ta yi gudun, sai me? A zangon nan wa ka taɓa gani ya ci abinci da gudu?"

Na so in ce masa ga Saminu, ga Fuseini, 'ya'yan Musulmi irin nata, gudu ya biya musu karatun jami'a a Amurka. Na faɗa ɗin ma. Amma ni malamin lissafi ne, na san huɗu ne daga cikin dubbai, kuma ban ga dalilin da zan sayar wa uba da mafarki a kan 'yarsa ba. Na ce masa ba zan yi alkawarin Amurka ba. Abin da na sani shi ne akwai makarantun sakandare a nan Kumasi da ke neman yara masu gudu kuma masu ƙoƙari a aji, kuma in ta tsaya bana, shekarar da za ta rubuta BECE, ba wanda zai san da ita. In ta ci gaba ta ga ba ta kai ba, ba ta rasa komai ba, takardarta na hannunta.

Bai ba ni amsa a daren ba. Bayan kwana uku, da ya dawo daga Tamale, ya aiko ƙaninta da saƙo. Ya yarda, amma da sharuɗɗa. Dogon wando da hijabi. Sau biyu kawai a mako, kuma ta isa gida kafin la'asar ta yi nisa saboda niƙa. Ba za a taɓa safiyar Asabar da Lahadi ba, na makarantar Islamiyya ne. Ba kwana a wani gari. In makinta ya sauka a jarrabawar ƙarshen zango, magana ta ƙare. Sharaɗin kwana ɗin nan zai iya zama matsala nan gaba in ta tsallake matakin yanki, amma ban ɗaga zancen ba tukuna.

A 2026 Accra ce mai masaukin baƙi a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta Afirka, sannan daga ƙarshen Oktoba Dakar ce mai masaukin wasannin Olamfik na matasa 'yan ƙasa da shekara 18, karo na farko na wata gasar Olamfik a nahiyar nan. Los Angeles kuma sai 2028, lokacin da wasu daga cikin huɗun Tokyo za su haura shekara talatin. Ban ce ɗalibata za ta je ko ɗaya daga ciki ba. Na dai roƙi shugaban makarantarmu ya bar ni in nemi kuɗin mota in kai yara goma Accra su ga tsere da idonsu, ya ce in rubuto a takarda.

Mun fara atisaye ranar Talatar da ta wuce a filin bayan makaranta, bayan mun kori awaki mun tsince kwalabe. Na auna mita 30 da igiya, na shata layi da toka. Ita na sa ta karɓa ta ƙarshe. Sau shida suka gwada, sandar ta faɗi sau huɗu, don har yanzu tana waiwaye in ta ji takun ƙawarta a bayanta. Takalmin gudu mai ƙusoshi guda ɗaya muke da shi a makarantar, lamba 42, ƙafarta kuma 38 ce, sai mun cusa takarda a gaba. Za mu koma ranar Alhamis.